Gayaunar da Aka Gyara

Ƙamshin sabuwar masara a kan garwashi shi ke mayar da ni ƙauyenmu na gefen Malumfashi, wajen kakana. Shekarar da na isa riƙe fartanya, ya yanka mini gayauna a bakin gandu, ya zuba mini iri a hula, ya juya abinsa.

Ni kuwa da haɗama, na cika kowane rami da iri, na matse su kusa da kusa, wai in fi yayyena. Da shuka ta fito na ƙi rage ko ɗaya. Kullum tsohon zai wuce da galma a kafaɗa, ya kalla, ya yi gaba. Ran nan babana ya kasa haƙuri, ya sunkuya zai cire, sai kaka ya ce, "Kai, bar masa. Gonarka ce?"

Masarar ta tashi sirara, rawaya, goyonta bai fi yatsa ba. Na yi kuka, na yi fushi da tsohon har na ƙi cin tuwo. Sai da na huce ya ce, "To, me ka gani?" Da bakina na faɗa masa sun matsu ne, sun hana juna ci. Tun daga nan ba wanda ya sake koya mini tazarar shuka.

Bana na so in yi wa ɗana haka. Yaron nan ko fensir zai fere sai ya tambaya. Makaranta da malamin lesin sun saba masa da a tauna a ba shi. Abin yana ci mini rai. Na ba shi 'yan kunyoyi a bayan gidanmu a Funtua, ya cusa iri kamar yadda na yi. Wallahi daɗi na ji, na kama bakina.

Na je kasuwar Musawa na dawo, sai na tarar an rage shukar tsaf, har an sa taki. Uwarsa ce ta kira ɗan ƙwadago. "Haba Malam," in ji ta, "kana kallo ya yi asara? Maƙwabta su ce me?"

Masara ta yi kyau, kowa sai yabo, ni kuwa takaici kamar in yi ihu. Jiya aka gasa ta farko, na miƙa masa. Ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Baba, baɗi wa zai gyara mini?"

Kakana ya iya zuba ido na yi asarar damina guda. Mu yanzu ko wannan ba ma iya bar wa yaro.