Jinin Kawu a Cikin Kula

Ana idar da sallar asuba muka bar Yelwa, ni da direba da wata likita mai bincike kan ciwon dajin ƙoda. Ni aikina ɗibar jini. A bayan mota akwai kula cike da ƙanƙara, wadda likita ke lallaɓawa fiye da yadda take lallaɓa mu.

Hanyar Wara ta girgiza mu son ranta. Mun karya da ƙosai a Ngaski, uku a kuɗin da ake sayen goma a da. Nan likita ta ƙara mini bayani: idan ƙari ya fara a ƙoda, yakan saki wasu mitsi-mitsin alamomi cikin jini, ana ce musu microRNA. Burinsu wata rana sirinji guda ya gano cutar tun mutum bai kwanta ba. Ni kuwa tuni na sa sunan Kawu, ƙanin Inna, cikin waɗanda za a ɗiba, har na buga masa waya na ce gwajin zai faɗi abin da ke damunsa. Shekara guda ke nan yana fitsarin jini.

Daga Wara kwalekwale ya kai mu ƙauyen su Kawu a bakin tafki, ko'ina hayaƙin banda. Kawu ya rame har na tsorata.

"Tsargiya ta, ɗana," in ji shi. "Wa ya tashi bakin ruwan ga bai yi ta ba?"

Bayan na ɗebi jininsa, likita ta kwantar da shi a tabarma, ta danna gefen cikinsa, hannunta ya daɗe a wuri guda. A waje ta ce mini ƙari ne babba, a kai shi asibiti cikin makon nan. Na ce gwajin fa? Ta ce ai bincike ne tukuna, babu sakamakon da zai dawo wa kowa. Ta faɗa tun farko, ni ne na ji abin da nake son ji.

Na koma na yi wa Kawu bayani har sau uku. Ya girgiza kai.

"Kai ka ce jini na hwaɗin gaskiya. In sakamako ya hito, sai mu tai asibiti."

Mun iso Yelwa da magariba, kula a cike, zuciyata ba daɗi. Tafiyar nan ta koya mini cewa a bakin tafki fitsarin jini ba ya tsorata kowa, kuma da bakina na ba mara lafiya dalilin jira.

Inna na tsaye a ƙofar gida. Ta ce, "Kawunka ya bugo waya. Ya ce yanzu hankalinai ya kwanta."