Ciyawar da Na Dasa a Wurin Wankin Baba

Babana mai wanki ne, faniko kamar yadda ake ce musu a Abidjan. Kullum da safe daga gidanmu na unguwar Biafra a Treichville yake shiga mota zuwa Adjamé, ya gangara rafi da ƙullin kayan mutane a ka. Kowane faniko yana da tsohuwar tayarsa cike da yashi da dutse a cikin ruwa, a kai yake bugun kaya. Tayar Baba ce ta farko a sama, inda ruwa ke isowa garau. Shekara talatin ya yi kafin ya kai wurin.

Mutanenmu da suka zo daga Nijar, in ba su ga ƙasa fes kamar tsakar gida ba, ba su yarda wuri yana da tsabta ba. Sai Baba ya sa aka sheme ciyawar bakin rafin kaf, wai maɓoyar macizai ce, kuma a samu wurin shanya. Damina na sauka gaɓar ta zube. Ruwa ya koma ja, fararen kayan mutane suka dinga fitowa kamar an tsoma su a miya. Wani jami'i ya zo ya ce in ba a gyara ba, kowa ya kwashe tayarsa.

Ni lokacin na gama lekol, wato makarantar boko, bakina bai da birki. Wata tsohuwa 'yar ƙasar mai sayar da aceke, dambun rogonsu, ta ce mini, "Saiwar ciyawar nan ce ke riƙe ƙasa, ita ke tace ruwan. Ku mayar da ita." Na kai wa Baba maganar a gaban abokan aikinsa. Dariya suka yi har da riƙe ciki.

"Ke, namiji da gemunsa ya duƙa yana shuka ciyawa? Gero ne?" in ji Baba.

"To ku zauna, Baba, mu mata za mu duƙa."

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi matan gidanmu ɗaki ɗaki, na tara mu tara, har da 'yan ƙabilar Jula biyu. Tsohuwar ta nuna mana inda za mu ciro ciyawa da saiwarta, muka ɗauko a kwanduna muka dasa. Kwana biyu wasu suka tuge, suka shanya zannuwa a wurin. Muka sake dasawa. Suka sake tugewa! Na uku sai na shimfiɗa tabarma na zauna a gaɓar, na ce mai son tugewa ya fara da ni. Aka ce mini marar kunya, 'yar boko. Na ce na ji, a dai bar mini ciyawata.

Ta kama kuwa. Kafin wata damina ruwan ya fara washewa, har ƙananan kifaye suka dawo. Jami'in ya zo ya duba, ya ce za a bar su su yi wankinsu, amma babu mai taka gaɓar da aka dasa, babu taya a gindinta.

Gaɓar nan ita ce wurin Baba. Nan zaftarewar ta fi muni, nan na dasa, kuma ina sane.

Da hannunsa Baba ya zubar da yashin tayarsa, ya mirgina ta har ƙarshen layi, cikin sababbin zuwa, inda ruwa ke isowa da kumfar sabulun mutum ɗari. Wata guda bai amsa gaisuwata ba. Inna ta ce in je in durƙusa in ce na yi kuskure. Na je na durƙusa, na yi kuka har na gode Allah, amma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. A ƙarshen layin nan Baba ya yi wanki har ƙarfinsa ya ƙare.