Oom Aubrey da Jan Layi

Kekuna uku ne a ɗakin ajiyar Oom Aubrey Windvogel, wato Kawu Aubrey a bakin mutanen wurin, can bayan gidansa a unguwar Gelvandale, amma ɗaya kaɗai yake kira keke. Sauran biyun na zuwa kanti ne da coci. Shi wannan shuɗi ne, na ƙarfe, wilin gaba ƙarami, na baya babba, in ka gan shi jingine sai ka ce durƙusawa ya yi zai sha ruwa. Wilin bayan faifai ne rufe ruf. A kan keken, wurin riƙo, akwai ƙahonni biyu miƙe gaba, inda mahayi ke kwantar da hannuwa. Fedojin kuwa irin na da ne, masu kejin ƙarfe da maɗaurin fata bibbiyu, waɗanda in ka ja su, kai da keken kun zama abu guda.

Aikinsa duka a masana'antar motoci ta Uitenhage ya yi shi, yana ɗaura ƙofofi, huɗu kowace mota, har ya yi ritaya. Asabar kuwa ta tseren agogo ce. A wannan tsere ba a tashi tare. Wani zai riƙe maka sirdi, ka ɗaure ƙafafunka biyu tam kana zaune, a ƙirga maka, a sake ka, daga kai sai titi sai iska. In ka dawo ba ka rage gudu. Ka keta layi kai a sunkuye, ka faɗi lambarka da ƙarfi don mai agogo ya ji, sannan ka bar keken ya gangara can gaba, inda wani ɗan ƙungiya ke tsaye zai tare ka, ya riƙe ka har ka kwance ƙafa. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi tun gashinsa na baƙi.

Wata shekara aka ce manyan gasanni sun daina karɓar keken da wilinsa biyu ba girma ɗaya ba. Har yau bai gane ba.

"Jiya keke ne, yau ba keke ba ne?" Haka yake tambayar duk wanda ya leƙo ɗakin.

'Yan ƙungiyar suka yi ta raguwa. Wasu gwiwa ta zaunar da su, wasu sun bi 'ya'yansu Cape Town, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Aka bar Oom Aubrey yana fita shi kaɗai, yana jingina da bangon gidansa in zai ɗaure ƙafa, in ya dawo ma bangon ne ke tare shi.

Sai ranar da 'yarsa Deidre ta shigo ɗakin tana ɗan ɗingishinta. Tun wani haɗarin mota da ya sa aka saka mata ƙarfe a cinya, ta koyi tafiya, ta koyi sassarfa, yanzu har gudu take. Ta sa suna a wata ƙaramar gasa ta bakin teku, irin ta iyo da keke da gudu, a rukunin mutum uku-uku. Gwaggonta Maureen, ƙanwar Oom Aubrey, ce za ta yi iyo, ita Deidre ta yi gudu.

"Papa, mai kekenmu ya janye. Matarsa ta haihu."

"Allah ya raya. Shi ya haihu ko ita?"

"Papa."

"To ina ruwan ƙafafunsa da haihuwa?"

Ta zauna a kan akwatin kayan aiki ta yi masa bayani. Akwai wani maɗauri mai 'yar na'ura da ake sa wa a idon sawu. Antie Maureen za ta fito da shi daga ruwa ta ɗaura masa, shi ya zaga da shi a keke ya kawo wa Deidre. In bai iso ƙafarta ba kafin a rufe ƙofar masu gudu, ba ta gudu.

"Ba kofi nake nema ba," in ji ta. "So nake in yi gudu cikin mutane, ba ni kaɗai a filin makaranta ba."

Ta ba shi dokoki uku, ya ƙirga su a yatsa. Hular kwano kafin ya taɓa keke. Kada ya hau sai ya wuce jan layi. In ya dawo, ya sauka kafin jan layin.

Ya tsaya a yatsa na uku. "A sauka kafin layi? To wa ya gama tseren ke nan?"

"Ba gamawa za ka yi ba, Papa. Ni ce mai gamawa."

Ya gyaɗa kai don kada ta sake maimaitawa.

Ranar gasa suka isa bakin teku iska na kaɗa tutoci. Kekuna jere a rataye, baƙaƙe wuluk, ba ka ganin ko wayar birki a jikinsu. Ya ƙirga masu ƙaramin wilin gaba ya samu ɗaya, nasa. Matar da ke duba kekuna ta zaga shi, ta kira abokin aikinta, shi ma ya zaga.

"Oom, faɗi gaskiya, daga gidan tarihi ka sato shi?"

"Ya girme ka, ka gaishe shi."

Suka matsa birki biyu, suka ga suna kamawa, suka ce ya wuce. Aka manna masa lamba a riga, aka manna a hula, aka manna a keke, wata kuma ta kama damtsensa ta rubuta da alƙalami. Mutum ɗaya, lamba a wuri huɗu. Ya duba ko'ina bai ga teburin mai agogo ba.

Antie Maureen ta fito daga teku tana haki, ruwa na zuba daga hularta, mutane da yawa sun riga ta. Ta durƙusa ta ɗaura masa maɗaurin.

"Tafi mana, tsoho. Ko goya ka zan yi?"

Ya tura keken har ya wuce jan layi, ya ɗora ƙafa, ya tsaya yana jira. Mahaya na wucewa dama da hagu, suna tsalle suna hawa a guje. Wata mai riƙe da tuta ta matso.

"Oom, lafiya?"

"Wa ke riƙe sirdi a nan?"

"Ba mai riƙewa. Hau ka tafi."

"To wa zai ƙirga min?"

"An daɗe da fara ƙirga, Oom."

Ya hau yana tangaɗi. Da ya samu hanya ta miƙe sai ya sunkuya ya ja maɗauran fatar ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun, har sai da yatsun ƙafarsa suka yi tsami, yadda ya saba.

Daga nan abin ya fara kama da abin da ya sani. Ya kwanta a kan ƙahonnin, faifan baya ya soma rugugi, teku na hagunsa. Ya wuce wani, ya wuce wata. Ya ƙirga har sha ɗaya sannan lissafin ya rikice masa, don wasu na dawowa ta ɗaya hannun, wasu da ya wuce sun sake wuce shi, kuma ba wanda zai ce ga na gaba ga na baya. A tseren agogo in ka cim ma mutum ka san ka ci shi. A nan kowa na cim ma kowa. Ya bar ƙirga ya bar wa ƙafafu.

A dawowa iska ta koma bayansa. Keken ya yi sauƙi kamar ba na ƙarfe ba. Ya hango taro, ya hango tutoci, ya hango layi ja a kwance a titi, jikinsa kuwa ya yi abin da ya yi kowace Asabar ta rayuwarsa. Ya sunkuyar da kai, ya ƙara giya. Mutane na ɗaga hannuwa suna ihu, mai tutar nan na kaɗa ta sama da ƙasa, ya ce a ransa ashe mutanen nan sun san keke. Ya keta layin, ya faɗi lambarsa da ƙarfi.

"Ɗari biyu da sha bakwai!"

Ya ɗago kai yana neman mai tare shi. Babu. Shinge ne a gabansa, da wata 'yar kafa a gefe. Ya bi ta kafar ya tsinci kansa a filin ajiye motoci, sai a lokacin dokar yatsa na uku ta faɗo masa.

Ya kai hannu zai saki maɗauri, iska ta bugi faifan, keken ya karkata, ya yi maza ya mayar da hannun. In ya tsaya zai faɗi, ƙafa biyu a ɗaure. Sai ya shiga zaga filin a hankali, tsakanin motoci.

"Wani ya tare ni. Bawan Allah, tare ni."

Mutumin da ya roƙa ya ɗaga waya yana ɗaukarsa hoto. Wata mata ta tafa masa.

A zagaye na uku ya nufi wata motar sayar da abinci, ya matse birki, ya jingina kafaɗa da jikinta. Mai motar na tsame vetkoek, wani irin fanke, daga mai, ta leƙo ta taga.

"Guda nawa, Oom?"

"Ƙafafuna, 'yar'uwa. Zo ki kwance min."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafun, ta ajiye matsami ta fito. Na hagu suka saku. Na dama kuwa ya ja su da yawa, ga hannunta duk mai, ƙarfen sai zamewa yake. Lasifika ta ce masu rukuni su hanzarta, an kusa rufe ƙofar gudu.

"Akwai wuƙa a ciki," in ji ta. "In yanka?"

Maɗauran nan tare da keken suka zo hannunsa. Ya daɗe bai ga mai sayar da irinsu ba.

"Yanka."

Ya dawo yana tura keken da gudu, takalmansa masu taurin ƙasa na santsi a kwalta. Mai tuta ta tare shi.

"Oom, sai ka koma ka tsallaka layin da ƙafa."

"Ai ga ni a ƙafa."

"Daga bayan layin za ka fito."

Ya dubi layin. Ta filin motoci ya ɓullo, yanzu bai san ina ne baya ina ne gaba ba. Ya tsallaka. Ta ce a'a, can. Ya dawo. Ta ce to yanzu tsallaka. Ya ce ai yanzu ya yi.

"Aubrey, ka fuskanci inda nake ka taho," in ji Antie Maureen daga cikin shinge. "Ko ƙofar mota ma ta san ciki da waje."

Ya fuskance ta ya taho. Mai tuta ta kauce.

Deidre na tsaye wurin ratayar kekuna, an hana ta fitowa, hannuwanta biyu a ka. Bai gama rataye keken ba ta durƙusa ta fizge maɗaurin daga ƙafarsa ta ɗaura a tata. Mai tsaron ƙofa ya riga ya kama ƙyauren.

"Papa, me ka je yi wurin mai vetkoek?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta fice. Ƙyauren ya rufe a bayanta.

Oom Aubrey ya dafa shinge yana mayar da numfashi, guntun fata na reto a fedarsa ta dama.

"Maureen, an kore mu ne ko ba a kore mu ba?"

"Ga ta can tana gudu. Kai me ka gani?"

Hanyar gudun ta bi bakin teku ne ta dawo, masu zuwa da masu komawa duk a haɗe, riguna kala-kala. Ya ga Deidre ta gangara ta shiga cikinsu. Ya matsa gaba kaɗan don ya bi ta da ido, wani dogo ya kare shi, da ya wuce sai ya rasa ta. Ya shiga duba ƙafafu, yana neman mai ɗingishi, don da shi yake gane ta daga nesa tun bayan asibiti. Ya duba layin masu zuwa, ya duba na masu komawa, kowa gudu kawai yake.

"Wacce ce a ciki?"

Antie Maureen ta kare rana da tafin hannu.

"Ka yi min shiru, ni ma nemanta nake."