Labulen Zannuwa a Ruwan Wikki

Wata Laraba ce cikin goman ƙarshe na azumi, shekarar da nake aji biyar na firamare, Inna ta ɗaga ni cak ta tsoma cikin duro a tsakar gidanmu na Kagarawal. Duron ruwan wanki ne, ya kusa cika, ni kuma ina sanye da doguwar rigar da ta ɗinka min da ragowar atamfa. Ina shiga rigar ta taso ta baje a kan ruwa kamar lema, ta bar ni daga ni sai ɗan wando. Yayata, Adda Rabi, ta yi ta dariya har ta zauna kan turmi. Inna kuwa riƙe haɓa ta yi, ta ce, "In Malam ya ga wannan, zancen ruwa ya mutu." Babanmu take nufi.

Abin da ya jawo gwajin, maƙwabcinmu Baban Ngozi, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya ce bayan sallah zai kwashi gidajenmu biyu a akori-kurarsa zuwa Yankari. Tun daga ranar ba mu da wata hira. Ko muna surfe, ko muna kai wa awaki dusa, ko muna 'yar carafke a gindin dalbejiyar makaranta, zancen ɗaya ne. Ba giwaye ne suka dame mu ba, ruwan Wikki ne. Yayanmu Hamma Sani ya taɓa zuwa da 'yan ajinsu, ya ce ruwan da ɗuminsa yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, har kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi. Mu kuwa mata ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba. Kwarin bayan unguwa ko leƙa shi ba a bari mu yi in damina ta sauka, don yana cin mutane.

Baba ba mai tsanani ba ne, amma in ya faɗi magana ya faɗa. Ya ce maza su shiga, mata kuwa sai da sutura, kuma in samari sun cika wurin, sai dai mu zauna a inuwa mu tsare kwanuka. Maganar sutura Maman Ngozi ce ta warware ta, ita da ta tashi a bakin kogi. Ta leƙo ta kan 'yar katangarmu ta gan ni jiƙe sharkaf, ta ce da irin Hausarta, "Inna, ka sa ƙananan dutse a bakin riga, ba zai tashi ba." Muka bazama tsintar tsakuwa a ƙofar gida, ni da Adda da Ngozi, Inna ta bi lafin rigunan da allura tana ɗinke su ciki. Da aka sake tsoma ni, riga ta kwanta lif. Maganar cunkoso kuwa Baba da kansa ya yi mata dabara. Ya ce washegarin sallah za mu tafi, kowa na can yana yawon gaishe-gaishe, dajin namu ne mu kaɗai.

Ana idar da sallar asuba muka hau bayan mota, muka zauna kan tabarma tsakanin kulolin waina da miyar taushe, da jarkar zoɓo, da dambun naman da Inna ta hana kowa taɓawa. Iska na kaɗa mana hijabai, muna waƙoƙin makaranta har muryoyinmu suka dushe. Sai dai tun kafin mu isa ƙofar dajin muka tarar da motoci jere kamar ranar kasuwa. Baban Ngozi ya fashe da dariya ya ce, "Malam, ashe kowa irin tunaninka ya yi!"

Da muka gangara matattakalar da ke kai mutum bakin ruwa, sai zuciyata ta karye. Ruwan yana nan yadda aka faɗa, shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin manyan itatuwa, amma ko'ina kawunan samari ne, suna tsalle suna ihu. Baba ya duba, ya dube mu, ya nuna wata inuwa da hannu. Hamma da ƙannen Ngozi suka arce a guje. Mu muka zauna kusa da kuloli, tsakuwar rigunanmu na taɓa mana idon sawu, wani gwaggon biri na harararmu daga kan reshe. Ban yi kuka ba, amma wainar da aka miƙo min ajiye ta na yi.

Can sai Inna ta miƙe, ta ja Maman Ngozi suka bi gefen ruwan zuwa ƙasa, inda ya yi faɗi bai da zurfi. Da suka dawo ta durƙusa kusa da Baba ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga kai alamar ya yarda. Nan take ta kwance zannuwan da aka ɗaure kulolin da su. Matar da ko gada ake ƙetarewa a mota sai ta runtse ido, ita ce ta yi bisimilla ta taka cikin ruwa da kayan sallarta har cinya. Ta kama bakin zane, Maman Ngozi ta kama ɗaya bakin, suka ɗaga sama. Wata Babarbariya da ita ma 'yan matanta ke zaune jugum ta hango, ba ta san mu ba, ta ciro laffaya daga jakarta ta shigo ta rufe gefen da ya rage. Baba ya tsaya a bakin gaɓa ya juya mana baya, duk wanda ya nufo sai ya ce, "Samari, ku bi ta can, da iyali a nan."

A cikin wannan ɗan ɗakin na zannuwa na fara sanin yadda ruwa ke ɗaukar nauyin mutum. Ɗumi gare shi kamar wanda aka sirka wa jariri. Muka yi ta watsa wa juna, mu da 'yan matan da ko sunansu ba mu tambaya ba. Ina ganin hannuwan Inna sun gaji, amma duk sanda Adda ta ce mu fita, sai ta ce, "Ku ƙara kaɗan." Ƙananan kifaye suka riƙa tsungulin ƙafarta, tana salati tana dariya, ba ta dai saki zanen ba. Da muka yi sallar azahar, Maman Ngozi ce ta tsaya da sanda tana kore mana birai.

Yanzu a Gabukka nake aure, cikin gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, alhamdu lillahi ba abin da na rasa. Su Ngozi sun daɗe da komawa garinsu, Inna kuma Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta. 'Ya'yana mata suna nuna min hoton Wikki a waya suna cewa yaushe za mu je, babansu ma ya amince. Ni ce nake ta ɗage tafiyar, don na duba unguwar nan kaf, na ga gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yanzu ban san wadda zan ce ta kama min ɗaya bakin zanen ba.