Dawar Da Ta Sha Ruwa

Da za a ba ni damar goge abu ɗaya daga cikin abin da na aikata a duniya, ba zan tsaya zaɓe ba. Wata amsa ce da na bayar a bakin siton gidan yari, da hantsi, a gaban wani mai duba aiki da ya zo daga Jos. Amsar gajera ce, ƙarya ce, kuma wani tsoho ne ya ɗauki nauyinta, ba ni ba.

Ni ɗan Tudun Ƙofa ne. Karatuna elemantare ne kawai, daga nan na bi mahaifina kasuwar hatsi. Bayan yaƙin basasa, lokacin da gidan yari ya bar hannun En'e ya koma hannun gwamnati, kuɗin mai kuma ya fara shigowa, sai aka ce ana neman wanda zai riƙa kai dawa da wake da manja domin abincin fursunoni. A layinmu na masu hatsi ni kaɗai na iya cike takardar neman kwangila da hannuna. Da haka na samu, ba don na fi kowa ba.

Samun ya raba ni da mutane. Abokan sana'a suka fara ce mini ɗan gwamnati, in na iso rumfa hira ta mutu. Matata ta rasu shekara guda kafin nan, ba mu samu haihuwa ba, ban kuma sake aure ba. In na dawo gida babu wanda zai ce mini sannu da zuwa. Saboda haka ranar Talata, ranar kai kaya gidan yari, ta zama ranar da nake jira.

Fursunoni ne ke sauke buhuna daga mota, babbansu kuma wani dattijo ne, manomin doya, ɗan ƙabilar Eggon, daga ƙauyukan gindin dutse. An ɗaure shi ne saboda rigimar iyakar gona, ya buga wa maƙwabcinsa ƙotar fartanya. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Hausarsa a karye take, wani lokaci ya ce mini "ke", amma bakinsa da kaifi. In ana hutawa mukan zauna a inuwar sito, in ɓara masa goro idan gandiroba ya kau da kai.

"Ɗana, kawo hannun nan in gani," in ji shi. "Kai! Hannun amarya. Da wannan kake cin kuɗin gwamnati?"

"Baba, da kai ake ci, ba da hannu ba."

"To kan naka bai gaya maka ka yi aure ba? Rigarka duk ta yamutse kamar an tauna."

Shi kaɗai ne mai yi mini irin wannan magana, ni kuwa ina jin daɗinta.

A dokar gidan, fursunan da bai yi laifi a ciki ba ana rage masa kwanaki. Da wannan ragi Baba zai fita kafin ruwan fari. Kullum zancensa ke nan. 'Ya'yansa maza sun tafi aikin hanya, ba a san inda suke ba. Matarsa ta adana masa irin doya a ƙarƙashin rumfa, amma ba za ta iya tayar da kunyar shuka ba. A wajensu kuwa, gonar da ake rigima a kanta, in damina ta wuce mai ita bai sa fartanya ba, wanda ya shuka shi dattawa za su bar wa. Maƙwabcin nan abin da yake jira ke nan.

Ga yadda laifina ya faro. Na tara dawa mai yawa a wani shago da na kama haya a Sabon Gari. Kwanon yana yoyo ta baya, ban lura ba sai da damina ta wuce. Na tarar da buhunan jikin bango sun sha ruwa sun yi fumfuna. Ya kamata in zubar, ko in sayar wa masu kiwo. Sai na shanya dawar, na sa aka sheƙe, aka sake zubawa a sababbin buhuna. Na ɗaure bakinsu da baƙar igiya don in gane su, masu kyau kuma da fara.

Na san yadda ake duba kaya. Mai sito yana auna nauyi ne kawai. Mai duba aiki in ya zo, yana da wani ƙarfe mai rami da tsini, yana soka shi a jikin buhu, hatsi ya gangaro tafin hannunsa ya gani. Buhunan gaba yake soka, waɗanda hannunsa ya kai. Ban taɓa ganin an rushe jeri domin a kai ga na baya ba.

Ranar da na kawo kayan na ce wa Baba masu baƙar igiya a jera su jikin bango, masu fara a baki. Ya ɗora buhu ɗaya a kai, ya yi taku biyu, ya sauke. Ya sa hancinsa a ɗinkin.

"Ɗana, dawar nan ta sha ruwa."

"Ta bushe, Baba."

"Ta bushe a ido. Cikin mutum ba ido ba ne."

Na ce masa kaɗan ce, za a haɗa da mai kyau, ba wanda zai ji. Ya dube ni, ya ɗauki buhun ya kai inda na ce. Ranar bai karɓi goro ba.

Kafin wata ya cika aka fara gaurayawa a wurin niƙa. Tuwo ya yi ɗaci. Mutane suka fara gudawa, musamman tsofaffi da marasa ƙarfi. Aka ɗora laifin a kan ruwan rijiya. Na ji ana faɗi, na bar su a kan haka.

Sai mai duba aiki ya zo. An aiko mini in kasance a wurin, kamar yadda aka saba. Aka jera fursunoni a tsugune a fili, ya wuce a gabansu da takarda a hannu, ya tambaya ko akwai mai ƙara. Kowa ya san dokar: wanda ya kai ƙara aka bincika aka ga ba gaskiya ba ce, laifi ne a kansa. Shi ya sa yawanci ba mai motsi. Baba ya miƙe. Saura masa mako biyar ya fita.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwa ba ne. Dawa ce. Ni manomi ne, ni na ɗauke ta da kaina."

Muka ɗunguma zuwa sito. Mutumin ya soki buhu uku, dawa ta zubo ja wur, tsaf da ita. Ya nuna wa Baba tafin hannunsa.

"Na ciki, ranka ya daɗe. Soki na jikin bango."

Mai duba aikin ya ɗaga kai ya dubi jerin, wanda ya kai har rufi. Ya dubi agogonsa. Ba mugun mutum ba ne, yana da wani gari da zai kai kafin la'asar. Sai ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka kawo. Duk iri ɗaya ne?"

Baba ya ce, "Ɗana, gaya musu mana." Bai faɗa da fushi ba. Ya faɗa ne kamar mai tuna wa mutum abin da ya manta.

Na ce, "Iri ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Aka rubuta cewa ya kai ƙarar ƙarya, aka soke ragin kwanakinsa duka.

Ba a nan abin ya ƙare ba, wannan ne kuma ya fi damuna. Babban gandiroba, wanda yake jin tausayin tsohon, ya ja ni gefe ya ce takardar hukunci ba za ta tafi ba sai bayan mako guda. In aka samu wanda ya rubuta cewa maganar tsohon tana da tushe, za a janye. Ban sani ba ko ya gane, ko kuwa faɗi kawai yake yi. Kwana bakwai ina da su. Na yi tunanin kwangila, na yi tunanin dariyar da za a yi mini a layin masu hatsi. Ranar Talata na zo da mota, na ce zan sake jeri saboda ɓeraye, na kwashe sauran masu baƙar igiya na musanya da masu kyau. Dawar da na ƙi zubarwa, a ƙarshe a rami na zuba ta. Gudawa ta tsaya. Takarda kuma ta tafi, ban rubuta komai ba.

An cire Baba daga aikin sito aka mai da shi cikin masu yankan ciyawa a gari. Na ci gaba da zuwa ranar Talata, in tsaya a jikin mota har a gama, ba mai yi mini magana sai mai sito, shi ma a kan sikeli. Sau ɗaya na sake ganin Baba. Damina ta yi nisa, na taho ta Gangaren Tudu a kan keke, na tarar da su a bakin hanya da lauje, gandiroba na tsaye. Ƙasa ta jiƙu sosai, irin wadda manomi ke so. Na sauka na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ɗago, ya ce, "Sannu, ɗan kwangila." Ya sunkuya ya ci gaba da yanka.

Sai bayan kaka aka sake shi. Wani mai kawo doya kasuwa daga yankinsu ya gaya mini maƙwabcin ya shuka gonar, dattawa sun bar masa. Irin doyar ya ruɓe a rumfa. Baba da matarsa suka koma zama a gidan mijin 'yarsu, can ya rasu bayan 'yan shekaru. Ƙauyen ba nisa gare shi ba, mota tana zuwa duk ranar kasuwa. Ban je ba. Kullum ina cewa sai na san abin da zan faɗa masa.

Na riƙe kwangilar shekaru bayan haka, ban sake kai kaya marasa kyau ba, har ana yaba mini. Yabon bai taɓa shiga jikina ba. Yanzu na tsufa, ina zaune ni kaɗai, waɗanda suka san maganar duk sun riga ni tafiya.

Ku da kuke karɓar aikin ciyar da mutanen da ke kulle, da ku da ake aikowa ku duba, ina roƙonku. Wanda yake ciki ba shi da wata tukunya sai wadda kuka ba shi, in ya yi magana kuma da kwanakinsa yake yi. In ya miƙe ya faɗi abin da kuka san gaskiya ne, ku tsaya masa tun yana tsaye a gabanku. Kada ku yi abin da na yi.