Mamacin da Aka Kira Ya Kasa Fitowa

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan manta da ranar Istar da aka kira ni in tashi daga kabari na kasa ba. Yanzu na tsufa, jikokina ma sun san labarin, kuma ba sa jin nauyin yi mini dariya a kansa.

'Yan shekaru ne bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Ina aikin tafinta a asibitin mishan da ke yankin Madawa, ina juya wa likitoci Turawa maganar marasa lafiya da ke zuwa tun daga Tama da Garhanga. Saurayi ne ni a lokacin, ga baki, ga ganin duk duniya ba wanda ya fahimci Littafi Mai Tsarki kamata. Mu masu bi ba mu da yawa, kuma muna da al'ada: duk ranar Ista mukan fita gindin dutsen da ke bayan asibiti, kusa da 'yar maƙabartarmu, mu yi wasan kwaikwayo a kan tashin matattu. Ba wanda ke fitowa a matsayin Almasihu, wannan ya fi ƙarfinmu. Tsohon fastonmu, Baba Fasto, shi ne ke karanta labarin, mu kuma mu kwaikwayi sauran mutanen.

A shekarar akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Dahome da ke koyarwa a Madawa, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci. Ɗan Katolika ne. Matarsa ta rasu a asibitinmu wajen haihuwa, limaminsu kuma yana nesa, sai Baba Fasto ya ce a rufe ta a maƙabartarmu. Da Ista ta matso, Mushe ya zo ya roƙi alfarma ɗaya: a bar shi da 'yan'uwansa Katolika su yi idin tare da mu, don yana so ya ji ana maganar tashin matattu kusa da inda matarsa take kwance.

Nan fa aka ce me za a yi ba gardama ba. Dattijon da ke buga mana ƙararrawa shi ya fi kowa zafi. Ya ce, "Mutanen da ka durƙusa ma gumaka? In sunka zamna cikinmu, mi za mu hwaɗa ma ɗiyanmu?" Ni kuwa ina bayansa ina ƙara gishiri, har da jawo ayoyi. Baba Fasto ya bar mu muka gaji, sannan ya ce, "Matatai na kwance cikin matattunmu, ba ta dami kowa ba. Shi mai rai kuka tsoro?" Da ƙyar aka daidaita: su zo, amma su zauna can ƙarƙashin wata aduwa daban, kada su sa hannu a komai, kuma daga bana ba ƙari.

Wasan shekarar labarin mutumin nan ne da Almasihu ya kira daga kabari bayan an riga an binne shi. Ni na nemi a ba ni matsayin mamacin. Na ƙudura a raina cewa sai baƙin nan sun ga yadda masu bin Littafi sak suke yin abu. Littafi ya ce mutumin ya fito da hannuwa da ƙafafu a ɗaure, fuskarsa a naɗe, don haka na ce ni ma haka za a yi mini, ba ragi. Na je wajen Inna, tsohuwar da ta shekara da shekaru tana ɗaurin miki da karaya a asibiti, na ce ta naɗe ni da bandeji tun daga ƙafa har kai.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, ni hwa ban iya ɗaurin wasa ba. Ɗaurina ba shi kwancewa."

Na ce ai shi nake so. Ban tsaya nan ba, na bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya na gargaɗe su: in an kira ni zan ɗan jinkirta don zukatan mutane su tsinke, kada kowa ya kuskura ya shigo ya ɓata mini tsari. Duk gwajin da muka yi kafin ranar, da ƙafafuna a sake na yi shi, kuma ban taɓa tambayar kaina yadda mutum zai miƙe tsaye ƙafafunsa a haɗe ba.

Ranar ta zo, tsakiyar bazara, tun da hantsi ƙasa ta ɗauki zafi. Inna ta yi aikinta kamar yadda ta saba, ta haɗa gwiwoyina, ta manne hannuwana da cikina, ta naɗe fuskar har baki. Aka ɗauke ni aka shigar cikin kogon da makiyaya ke fakewa a gindin dutsen, aka rufe bakinsa da zana. Ina kwance ina jin waƙa, ina jin muryar Baba Fasto yana karatu, ina ta shirya irin takun da zan yi in na fito. Sai aka janye zanar, Baba Fasto ya ɗaga murya ya kira mamaci ya fito.

Na ɗan dakata kamar yadda na tsara, sannan na yunƙura. Ko gezau. Na sake yunƙurawa, sai na mirgina, kogon kuma ashe yana da gangare zuwa ciki. Na gangara kamar damin gero, na maƙale tsakanin duwatsu biyu, fuskata a ƙasa. Zufa ta jiƙa bandejin fuskar ya manne mini a hanci. Na nemi in yi ihu, bakin a rufe, abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba. Cinnaku kuma suka ga an kawo musu kalaci har gida.

Baba Fasto ya sake kira. Shiru. Manoman ƙauyen, maƙwabtanmu Musulmi da suka saba zuwa kallo, suna zaune bisa duwatsu. Na ji wani tsohonsu ya ce, "Malam Fasto, ko dai a bar shi shi huta? Wanga mamaci ya ji daɗin kushewa tai." Wuri ya kece da dariya. An ce dattawanmu sun sunkuyar da kai, kowa na satar kallon gindin aduwa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma ba wanda ya motsa a cikin namu, tunda ni da bakina na hana. Ni kuwa a lokacin numfashi ya fara gagarata. Tsoro ya kama ni sosai, na tabbata a nan zan mutu, a riga an yi mini likkafani an sa ni kabari, ba a bar wa kowa wahala ba.

Abin da ya biyo baya, daga baya aka ba ni labarinsa. Mushe bai san da wani tsari nawa ba. Ya miƙe daga gindin aduwa ya ratsa filin da aka bari tsakaninmu da su, ya nufi kogon. Mai ƙararrawa ya tare shi ya ce, "Mushe, tsaya! Wasa na, kuma an ce kak ku sa hannu."

Mushe ya ce da Hausarsa ta baƙo, "Baba, bana na sa mutum ɗaya cikin ƙasar nan. Ba ni tsayawa ina kallo a ƙara na biyu."

Ni dai na ji an kama ƙafafuna ana ja. Shi kaɗai bai iya fid da ni ba, ya yi kira, wanda ya fi kusa kuwa mai ƙararrawa ne. Haka suka fito da ni, ɗan Katolika a ƙafa, babban mai ƙin Katolika a kai, suka shimfiɗe ni a rana. Ɗaurin Inna ya ƙi kwantuwa da hannu biyu, sai da matanmu da matan Katolika suka taru a kaina, wannan na warwarewa waccan na naɗewa, Inna na faɗa kada a yanka mata bandeji, na asibiti ne. Da aka buɗe bakina, duk manyan kalmomin da na tanada suka gudu. Abin da mamaci ya fara faɗi shi ne, "Ruwa!" Wata mata mai gicciye a wuya ta kafa mini gora a baki, na sha ban tambayi ɗarikarta ba.

Baba Fasto ya jira dariya ta lafa. Ya ce, "Kun gani da idonku. Ubangiji shi ka kiran mamaci, amma kwance shi ga mutanen da ad tsaye wurin ya bar ma. Na duba Littahi, ban ga inda yat tambaye su wace majami'a suka zuwa ba." Ba wanda ya koma gindin aduwa. Daga nan muka wuce maƙabarta gaba ɗaya, muka kewaye kabarin matar Mushe. Muka ɗauko waƙar tashin matattu da Hausa, ashe su ma sun san muryarta da Faransanci. Mushe yana waƙa hawaye na zuba, mai ƙararrawa na riƙe da kafaɗarsa. Ni ina can baya ina susa, kuma ban san lokacin da na fara kuka ba.

Tun daga ranar na daina auna wa mutane bangaskiyarsu. Na gane cewa mu da ke sa zuciya murya ɗaya ce za ta tashe mu ran ƙarshe, wauta ce mu raba inuwa tun muna da rai. Wanda ya taɓa kwanciya a ɗaure cikin rami ya san ba ya zaɓen hannun da zai fid da shi.