Kifin Asabar na Dona Idalina

A ikilisiyarmu ba a kiran sunan mai hidima a gaban jama'a sai ranar da za a sallame shi. Mu 'yan Angalika ba mu da yawa a Portugal. In an yi babban taron ƙasa, wanda ake yi duk shekara biyu a garin Gaia, wakilai ɗari da 'yan kai ne ke cika zauren tsohuwar makarantar coci. Ranar Asabar da la'asar Bishop yakan miƙe ya gode wa masu girki da masu jera kujeru da masu shara a dunƙule, a tafa, a watse. Amma wata shekarar yakan dakata ya kira suna ɗaya, a miƙa wa mai sunan farin faranti mai shuɗin zane. Daga ranar ba a sake neman sa aiki. In ka ji an ce an ba wane faranti, an gama da shi ke nan.

Dona Idalina Meireles ta yi girkin taro goma sha tara. A Afurada aka haife ta, unguwar masunta, kuma ubanta yana cikin masu tafiya kamun kifi can tekun arewa, su yi wata shida ba a ganin su. Tana da shekara goma sha ɗaya ta shiga aikin cusa kifin sadin a gwangwani. Mijinta Custódio, mai ƙera gangunan giya, shi ya raba ta da cocin iyayenta ya kawo ta cocinmu, abin da ya sa uwarta ta yi shekara uku ba ta yi mata magana ba. Ba su haihu ba. Da Custódio ya rasu sai kicin ɗin makarantar ya zama ɗakinta na biyu, makullinsa a rataye a wuyanta tare da sarƙar aurenta.

Ni kuwa a shekarar na dawo gida bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a Kanada. Kanon Horácio, babban limamin cocinmu kuma sakataren taron, ya ba ni aikin rubuta jawabin godiyar da Bishop zai karanta. Da na juya zan fita ya ce, "Ka bar layi ɗaya a ƙasa, kada ka rubuta komai a kai."

Na ce, "Na wa ne?"

Ya ce, "Wataƙila ba na kowa ba."

Ranar Alhamis na leƙa kicin. Abincin rufe taro kullum busasshen kifi ne mai gishiri, wanda sai an jiƙa shi kwana uku ana canza masa ruwa safe da yamma kafin ya ciwu. Yana nan cikin manyan bahuna shida a jikin bango. Tsuntsayen teku sun ji ƙamshi sun jeru a kan katanga, ba su kuka, kallo kawai suke yi. Mata uku na taya ta fere dankali, cikinsu har da Noémia, wadda kowa ya san ita ke jiran gado.

Dona Idalina ta ce, "Dakta, ƙirga mu ka zo yi? Ni na goge maka majina a wannan ƙofar, ba sai ka tsaya kamar baƙo ba."

"Gaisuwa na zo, Dona Idalina."

Ta ja ni zuwa wajen bahunan, nesa da matan. "Da suna a takardar taka?"

"Babu. Layi ɗaya dai aka ce in bari."

Ta tsoma hannu ta juya wani kifi. "Haka aka yi wa Abílio a taron da ya wuce," in ji ta. Abílio shi ne mai jera kujeru shekara talatin, har ƙafafunsa suka fara cin amanarsa, aka ba shi faranti, 'yarsa ta tafi da shi garin Aveiro. Ta sake juya kifin ta ce, "Dubi kaurin na bana, sai ka ce katifa. Ban taɓa jiƙa irinsa ba."

Ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe ta aika a kira ni. Hazo ya taso daga kogi ya rufe tsakar makarantar, matan ba su iso ba tukuna. Ta tura ƙofa ta faɗa mini abin da ta ɓoye shekara huɗu. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita, da ta tashi sai ta tarar harshenta ba ya jin komai, gishiri da sukari duk ɗaya. Sauran girki hannu ya riga ya san awonsa. Kifin nan ne kaɗai ba ya awo, dole a ɗanɗana shi ɗanye a ji ko ya saki gishirinsa. A taron da ya wuce Abílio ne ya ɗanɗana mata a ɓoye.

"In na ce Noémia ta ɗanɗana, kafin ƙarfe tara Kanon ya ji. Kai dai ɗan gida ne, harshe kuma ba ya mantuwa. In da sauran gishiri yanzu ina da lokacin tafasa shi sau biyu."

Ta je bakin ƙofa ta tsaya tana leƙen hanya, bayanta gare ni. Na yagi ɗan siririn nama daga wajen wutsiya, inda ya fi sauƙin yaguwa, na tauna.

"Daidai yake."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗaura majanyin girkinta.

Ƙarfe ɗaya aka fito da tire-tire daga tanda, kifi da dankali da albasa suna tsuwa cikin man zaitun. Aka yi addu'a. Lomar farko da na kai baki na ji kamar na haɗiyi ruwan teku. Na ɗaga kai. Zauren da ya kwana uku yana gardama a kan dokokin ikilisiya ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokula da ta ruwa ana tsiyaya. Bishop ya cinye nasa tas, don haka kowa ya cinye. Butocin ruwa suka riƙa komawa kicin fanko suna dawowa, kuma ta nan ne ta sani, tana tsaye tana kallon su ta ƙaramar tagar miƙa abinci. Kanon Horácio ya dubi tagar sau ɗaya, ya laluba aljihun rigarsa inda alƙalaminsa yake, ya ci gaba da ci.

A teburin ƙarshe akwai wani tsoho da sanda, wanda ya iso dab da fara cin abinci. Da aka tashi ya nufi kicin, na bi shi. Matan sun fita kwaso kwanuka, Dona Idalina ce kaɗai a ciki.

Ya ce, "Tsohuwa, ai da kin bar wa masunta ɗan ruwa. Tekun gaba ɗaya kika juye mana."

"Don kai na dafa, Abílio, ko gishirin ya tafi da kai 'yarka ta huta da wanke maka wando."

Ya yi dariya kaɗan, ya zauna a kan buhun dankali. "Wa ya ɗanɗana?"

Na ce ni ne.

"Daga ina ka yaga?"

"Wajen wutsiya."

Ya dubi sandarsa. "Wutsiya tun ranar farko take sakin gishiri, Dakta. Tsakiya ake haƙa, jikin ƙashi. Shekara goma sha ɗaya kana karatu ba a zo wannan shafin ba?"

Na ce zan je wurin Kanon yanzu in gaya masa laifina ne. Dona Idalina ta riƙe hannun rigata da jiƙaƙƙen hannunta.

"Sai ya tambaye ka me ya sa mai girkin shekara talatin da takwas ta nemi harshenka. Me za ka ce masa? Hannu yakan kuskure sau ɗaya a yafe masa. Zauna."

Abílio ya ce, "In sun ba ki farantin ma ba komai. Nawa na ajiye shi a ƙarƙashin tukunyar fure."

"Rufe mini baki."

Ƙarfe huɗu aka koma zaure. Na miƙa wa Kanon takardar, ya shiga da ita ofis na ɗan lokaci. Masu hidima suka jeru a bayan zaure kamar yadda aka saba, su goma sha bakwai, Dona Idalina a ƙarshen layi. Bishop ya karanta abin da na rubuta game da waɗanda suka tashi kafin kowa, suka share, suka ɗauko tsofaffin wakilai daga tashar jirgi, suka zauna da yara don iyayensu su yi zaɓe. Aka tafa. Bai ajiye takardar ba. Ya karkata ta wajen hasken taga, kamar mai son gane rubutun hannu.

Ya kira sunanta cikakke, har da na ubanta.

Jama'a suka miƙe tsaye, tafin ya daɗe, kuma na gaskiya ne, har wasu na share hawaye. Ta tako tsakiyar zauren a hankali, ta karɓi farantin da hannu biyu, ta sumbaci hannun Bishop, ta ce ta gode. Daga nan ta koma kicin ta wanke tire shida da kanta, don ba ta yarda da wankin Noémia ba.

Har yau ban sani ba ko kifin ne ya cika layin, ko dama an yanke shawara tun kafin a jiƙa shi. Na tambayi Kanon sau ɗaya, ya ce ruwan sama ya yi yawa bana.

Yanzu shekararta saba'in da tara. Tana zuwa sujada duk Lahadi, ta zauna a benci na uku, ta fita kafin a fara raba shayi. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ya ɗanɗana ba. Da na je gidanta na ce ina so in rubuta wannan, har da zancen harshenta, ta juyo daga taga ta dube ni.

Ta ce, "Rubuta, Dakta. Yanzu me ya rage da za su karɓa?"